Malam Kashi-Ɗari da Marubuta Goma

A makarantar da na ƙarasa aikina ina koyar da labarin ƙasa, akwai wani malamin lissafi da muke kira Malam Kashi-Ɗari. Sunansa na ainihi ya kwanta mini, kamar yadda abubuwa da yawa suke kwanta mini yanzu, amma laƙabin yana nan daram, domin da bakinsa ya saye shi. In ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, sai ya ce kashi ɗari bisa ɗari. In ba a yi ba, sai ya ce hadarin ne bai iya lissafi ba. Dogo ne, mai yawan gyaran murya, da alƙaluma jere a aljihun gaba, waɗanda ɗaya ne kawai ke rubutu a cikinsu, shi ma na aro.

Shekarar da shugaban sashen lissafi ya yi ritaya, ina jin ita ce shekarar da aka sake rufin ɗakin malamai, ko wadda ta biyo bayanta, kujerarsa ta rage tsakanin mutum biyu. Kujera ce ta gaske, mai hannuwa da matashi, ga mabuɗin kabad ɗin alli, kuma wanda ya hau ta ya rabu da koyar da 'yan aji ɗaya har abada. Masu nema su ne Kashi-Ɗari da wata malama marar hayaniya da muke kira Malama Ƙarama. Shugaban makaranta mutum ne da ba ya son a ce shi ya yanke hukunci, ko da a kan launin labule ne. Sai ya ce duk wanda ya riga fitar da maƙala a mujallar malaman ƙididdiga, kujera tasa ce.

Mujallar 'yar siririya ce mai shuɗin bango. Malaman da ke koya wa yara ƙirga abubuwa da fitar da matsakaici da zana jadawali su ke rubuta dabarunsu a ciki. Mu dai a ɗakin malamai fifita muke yi da ita lokacin zafi.

Kashi-Ɗari ya ɗauke ta, ya tsallake duk abin da ke ciki, ya dira a bangon baya inda aka rubuta ƙa'idoji. Ƙa'ida ta farko, kowane marubuci maƙala ɗaya zai aiko a kowace fitowa. A ƙasa kuma an yi bayani cewa cikin maƙaloli goma da ake aiko musu, kamar ɗaya suke bugawa. Sai ya daki tebur har kofin shayina ya yi tsalle.

"Malama, ke da kike koyar da yiwuwar aukuwar abu, in ana karɓar ɗaya cikin goma, mutum ya aika goma, nawa za a karɓa?"

Ba ta ɗago daga littattafan yara da take dubawa ba. Ta ce wataƙila ɗaya, wataƙila babu ko ɗaya, domin in ka jefa ɗan ludo sau shida ba dole ne shida ta fito ba. Ta ƙara da cewa, "Wannan ma in kaji goma ne suka saka ƙwan. In kaza ɗaya ce, kuma ba ta da lafiya, duk goman baragurbi ne."

Ya ce hassada ga mai rabo taki ce. Ya ce ta fara koyon gaishe shi da "ranka ya daɗe" tun yanzu, don kada bakinta ya yi nauyi ranar da abin ya zo.

Saura matsalar ƙa'ida ta farko. Wannan bai ɗauke shi ko tsawon shan ruwa ba: zai rubuta goma, ya sa sunansa a kan ɗaya, sauran tara ya ari sunayen mutanen layinsu. A lissafinsa, tunda tasa ce za ta fi kyau, ita ce ɗayar da za a ɗauka, taran kuwa aikinsu kawai su cika goma su faɗi. Ya ari sunan matarsa, da na ƙaninta tela, da na mai aski na bakin layi, da mai facin taya, da surukarsa, wato mahaifiyar matarsa, wadda kowa ke kira Inna. Sauran sun ɓace mini. Ina jin akwai mai sayar da gawayi a ciki, da wani mutum da ba ya ji sosai, wanda ya amsa da "to" bai san me aka tambaye shi ba.

Mai aski ya ce in dai sunansa zai fito a takarda, a sa har na kakansa. Inna ta ce a sa, in dai ba kotu za a kai ta ba. Matarsa ce kawai ta tambaya me zai faru in an ƙi tata. Ya ce ai don a ƙi ta aka rubuta ta. Ta dube shi, ta ce yau tuwon... a'a, ba haka ta ce ba. Ta ce yau abincin rana ma don a ƙi shi za ta dafa.

Mujallar ba ta karɓar surutu, sai da alƙaluman da aka tattara da gaske. Don haka kowace maƙala sai an nemo mata abin ƙirgawa, nan kuwa unguwa ta shiga uku.

Ya fara da shagon aski. Yana so ya nuna cewa girman kai, wato faɗinsa da tsawonsa, yana tafiya da zurfin karatu. Ya aro tef ɗin awo a wurin tela, duk wanda ya zauna a kujerar aski sai ya zagaya masa shi a goshi, ya tambaye shi a aji nawa ya tsaya. Mutum na uku mahauci ne, kansa kamar tulu, kuma bai wuce aji biyu ba. Kashi-Ɗari ya sake awo, ya girgiza kai, ya ce wannan kai ya ɓata masa jadawali, dole ya cire shi. Mahauci ya miƙe da kumfa a rabin fuska, ya ce shi ma cire kai sana'arsa ce, ko Malam zai zo rumfa a gwada? A wannan hargitsi mai aski ya kwashe wa mutumin da ke gefe rabin gashin baki.

A shagon tela, ya tattara faɗin ƙugun masu kawo ɗinki, ya zana su dogo-dogo a babbar takarda, ya manna a bango don ya duba daga nesa, ya manta da ita can. Mai shagon kayan masarufi, wanda ya daɗe yana gaya wa mutane ya rame, ya shigo karɓar wandonsa ya tarar da kansa a ƙololuwar zane, ya fi na biye da shi da taku guda. Ya kwashe yadinsa ya kai wa wani tela. Tela ya bi Kashi-Ɗari har gida yana cewa, "Yaya, ilimin nan naka a bakin aljihuna yake kiwo."

Ta matarsa kuwa a kan shekarun matan unguwa ce. Ya tsaya a bakin famfo da littafi yana tambayar kowace mai ɗiban ruwa shekarunta. Da ya haɗa ya raba, matsakaicin ya fito ashirin da biyu, har da wata mai jikoki cike da tsakar gida. Maimakon ya tafi da abinsa, sai ya tsaya yana yi musu bayani cewa ilimi ya nuna aƙalla rabinsu ƙarya suka yi. Ilimi bai nuna masa daga wane gefe bokitin zai zo ba. Ya koma gida a jiƙe, tawada ta zube, shafin ya zama shuɗi fes.

Don maƙalar mai facin taya, ya kai kujera tsakiyar mahaɗar titi yana ƙirga motoci. Direbobi suka yi ta danna masa ƙaho, wani ya leƙo ya tambaye shi ko gidan ubansa ne nan. Jami'in hanya ya kore shi, ya dawo, jami'in ya sake korarsa ya riƙe kujerar. Duk inda ƙirge ya yanke, sai ya cike da abin da ya kira ƙiyasin masana. Masanan kuwa shi ne.

Tasa maƙalar ya ba ta shafi arba'in. Sunanta ma layi uku ne, ya fara da "Sabon Tsarin Warware Dukkan Matsalolin Ƙididdiga", ya ƙare da "Kashi na Farko". Ya karanta mana wani yanki a ɗakin malamai. Malama Ƙarama ta ce kason da ya jera, in an haɗa su, sun kai ɗari da talatin bisa ɗari. Ya ce haka hujja take in ta yi yawa, ambaliya take yi.

Ta Inna ita ce ta ƙarshe, lokacin ya gaji, manyan kalmominsa duk sun ƙare. Ya je gaishe ta, ya tarar tana juye gwangwanin maɓallai a tabarma tana neman wanda zai dace da wata riga. Sai ya rubuta shafi ɗaya da rabi: a zuba maɓallai masu launi daban-daban a jaka, kowane yaro ya ɗebi cikin hannunsa, ya ƙirga jajaye, ya yi hasashen yawan jajayen da ke jakar. Kowane hannu da amsarsa, amma in an tara hannuwa da yawa sai a matso kusa da gaskiya. Ya ce mana tsohuwa ce, ba wanda zai sa ran jin kalmar ilimi daga bakinta, wannan ta cike gurbi ce kawai. Ko sake karanta ta bai yi ba.

Ya aika su duka goma rana ɗaya. Malama Ƙarama ma ta aika tata, ba ta gaya wa kowa a kan me ta rubuta ba.

Daga nan ya fara shiga ofishin da babu kowa yana gwada kujerar. Ya sa an matsar da ita kusa da taga. Ya gaya wa 'yan aji ɗaya su more shi da kyau, domin sun kusa zama marayu.

Amsa ta zo, amma ba irin wadda ya zata ba. Editan mujallar, wanda ya shafe shekaru yana roƙon malamai su yi rubutu suna ƙi, ya buɗe wasiƙu ya ga marubuta goma daga layi ɗaya, har da mai aski da mai gawayi da dattijuwa. Ya rubuto wa shugaban makaranta cewa bai taɓa ganin unguwa mai son ilimi irin wannan ba. Zai zo taron malaman lissafi da za a yi a zauren makarantarmu, yana so ya ga marubutan nan goma ido da ido, kuma a nan zai faɗi wadda aka zaɓa.

Da wani ne, da ya dafe kai. Kashi-Ɗari cewa ya yi Allah ya kawo masa 'yan kallo.

Ya tara marubutansa a shagon tela don ya koya musu abin da suka rubuta. Mai aski ya ce a taƙaita, yana da mutane a layi. Mai gawayi ya yi barci a kan yadin wani. Da ya ga ba abin da ke shiga, sai ya ce su bar komai su haddace jimla ɗaya tak, wadda a cewarsa da ita manyan masana ke tsira a ko'ina: "Wannan yana buƙatar ƙarin bincike." Suka yi ta maimaitawa kamar 'yan aji ɗaya har ta zauna.

Abin da bai lissafa ba shi ne marubuta sukan yi girman kai. Kafin ranar taro mai aski ya sa an ƙara "kuma marubuci" a allon shagonsa. Shi da tela suka daina gaisawa, kowa na cewa tasa ta fi zurfi, alhali ba wanda ya ga ko bangon tasa. Inna ta sa an wanke mata babban mayafinta an goge.

Ranar taro zaure ya cika da malamai daga makarantu daban-daban. Aka jera kujeru goma a kan dandamali. Mai aski ya zo da kwat na aro da tabarau wanda ba ya gani da shi, sai da aka riƙe masa hannu ya hau matakala. Kashi-Ɗari ya zauna a tsakiya ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Edita ɗan gajeren mutum ne mai sanƙo da fara'a, yana ta murza hannu don murna.

Ya fara da mai facin taya, ya miƙa masa hannu ya tambaye shi ya aiki, ya iyali.

"Wannan yana buƙatar ƙarin bincike," in ji mai facin taya.

Edita ya yi dariya, ya ce ga mutum mai raha. Ya juya ga mai gawayi ya tambaye shi tun yaushe ya fara sha'awar ƙididdiga. Amsa ɗaya. Ya tambayi tela mutum nawa ya auna. Tela ya saci kallon Kashi-Ɗari, ya ba da amsa ɗaya. Mutumin da ba ya ji sosai bai ma jira tambaya ba, ya miƙe ya faɗi tasa da ƙarfi ya zauna. Daga bayan zaure aka fara jin tari irin wanda ba na mura ba.

Matar Kashi-Ɗari ce ta saɓa. Da aka tambaye ta yadda ta tattara shekarun matan unguwa, ta ce ita dai abin da ta sani, ita ta shanya rigar mijinta ranar da aka jiƙa shi.

Fara'ar edita ta fara raguwa. Ya buɗe takardunsa, ya ce akwai abin da ya ba shi mamaki: takwas daga cikin maƙalolin nan, kowace ta ambaci wani "fitaccen masani Kashi-Ɗari" a kusan kowane shafi, shi kuwa ya bincika bai samu ko littafi ɗaya na wannan masani ba. Ko akwai wanda ya san shi? Kashi-Ɗari ya miƙe, ya dafa ƙirji, ya rusuna wa jama'a ta dama da ta hagu.

Sai aka zo sakamako. Edita ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi. Ta kawuna, an cire duk kan da bai dace da ra'ayin marubuci ba. Ta motoci, an ƙirga motocin da suka fi ƙarfin titin. Da ya ce ba za a buga ta mai aski ba, tela ya yi tafi, mai aski ya cire tabarau don ya ga inda zai kai masa hannu, sai da shugaban makaranta ya shiga tsakani. Ta Malama Ƙarama, ya ce tana da kyau, a gyara wuri biyu a dawo da ita don fitowa ta gaba. Ta shafi arba'in kuwa, ya ce ya karanta ta sau biyu bai gano tambayar da ake son amsawa ba, kuma yana roƙon kada a aiko kashi na biyu.

"Amma akwai ɗaya," in ji shi, ya ɗaga 'yar takarda. "Shafi ɗaya da rabi, a kan maɓallai. Na gwada ta a aji da kaina, yara suka ƙi fita hutun tara. Ita za mu sa a shafin farko."

Zaure ya ɗauki tafi. Inna ta gyara mayafi ta gyaɗa kai kamar wadda ta saba.

Da Kashi-Ɗari ya yi shiru, da ya tashi da ɗan sauran mutuncinsa. Amma ina. Ya yi tsalle ya tsaya gaban dandamali yana nuna Malama Ƙarama da yatsa, yana cewa ta gani da idonta, ɗaya cikin goma, lissafinsa bai taɓa kuskure ba, a ba shi mabuɗin kabad. Shugaban makaranta ya tambaye shi a hankali me ya haɗa shi da maƙalar Inna. Ya ce shi ya rubuta ta, shi ya rubuta duka goman, da hannunsa, ba wanda ya taya shi ko da waƙafi. Ya faɗi haka yana duban jama'a, yana jiran tafi.

Ba a yi tafi ba. Muryar Inna aka ji.

"Yaron nan, maɓallan na wane ne?"

"Naki ne, Inna."

"Gwangwanin fa?"

"Naki ne, amma Inna..."

"Sunan wa ke saman takardar? Na ba ka 'yata ban ce ka dawo da ita ba. Yau an yaba mini abu ɗaya a gaban mutane, shi ne za ka ce naka ne?"

Ya juya ga edita ya ce a yi mata tambaya ɗaya kawai a kan maƙalar, a ga in za ta iya amsawa. Edita ya share sanƙonsa da hankici. Ya ce, to, Inna, wannan dabara ta yi aiki a ƙaramin aji, shin za ta yi a ajin da yara suka yi yawa, maɓallai kuma kaɗan?

Inna ta dubi rufi, ta dubi surukinta, sannan ta ce cikin natsuwa, "Wannan yana buƙatar ƙarin bincike."

Edita ya ce wallahi haka ne, shi ma abin da ya rubuta a gefen takardar ke nan. Zaure ya kece da dariya. Wani malami ya faɗo daga benci.

Ban ce edita bai gane ba. Amma in ya yarda da Kashi-Ɗari, dole ya yar da maƙala mafi kyau da ya samu a shekarar, kuma ya amsa cewa ya yi doguwar tafiya don ya gaisa da mai gawayi. Sai ya yanke hukunci a tsaye. Ya ce in Malam gaskiya ya faɗa, ya karya ƙa'idar mujalla sau tara. In kuma ƙarya ya yi, ya nemi ƙwace aikin dattijuwa a bainar jama'a. Ko wanne ne, mujalla ba za ta sake buɗe ambulan da ya fito daga hannunsa ba.

Shugaban makaranta ya ji daɗi ƙwarai da wani ya yanke hukunci a madadinsa. Kujera ta zauna babu kowa har fitowa ta gaba, aka buga ta Malama Ƙarama, ta karɓi mabuɗi. Kashi-Ɗari ya koma wa 'yan aji ɗaya, kuma a sabon tsarin da sashen ya fitar, an wajabta wa kowane malami ya koyar da darasin maɓallai, ya kuma rubuta sunan mai dabarar a allo.

Inna ta sa an yi wa shafin gilashi an rataye a ɗakinta, daidai saman inda baƙi ke durƙusawa su gaishe ta. Na taɓa raka shi can, ban tuna dalili ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara. Da muka tashi tafiya sai ta kira shi.

"Malam, har yanzu mutanen mujallar nan ba su buga maka komai ba?"

Ya ce ba su buga ba, Inna.

Ta ce, "Ka dai riƙa ƙoƙari. In ka rubuta wani abu, kawo mini in duba maka tukuna."